Alƙasim Mai Hoto da Gonar da Aka Ce Zane Ce

Da an sallame sallar asuba a Keita, tun masu ƙosai ba su gama hura wuta ba, za ka hangi Alƙasim ya nufi shagonsa na bakin kasuwa, da tafiyar nan tasa ta mutumin da ba a taɓa kora ba. Zai buɗe ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya share, sannan ya kwance kyamararsa daga tsumman da yake naɗe ta, ya hura mata iska, ya goge mata ido da bakin rawaninsa. Daga nan sai ya jawo kujera waje ya zauna yana duban gabas, don ya ga irin hasken da rana ta zo da shi yau, mai taushi ne ko mai cizo. Kusan shekara arba'in ke nan ana ganinsa haka. Bana ya ce ya isa. Yanar ido ta fara rufe masa gani, kuma ya rantse ba zai miƙa wa mutum hoton da shi kansa bai gani da kyau ba. Bayan babbar salla zai rufe shago, ni kuwa na ga bai dace mu bar shi ya koma gida shiru ba.

A ƙasar nan tamu da wuya ka shiga gidan da babu aikin hannunsa. Hoton kardante, wato katin ɗan ƙasa, hoton 'yan lakwal masu shiga makaranta, na amare, na maniyyata, na jariri ranar suna. Ranakun kasuwa yakan ɗaure kayansa a bayan babur ya bi Buza, ya gangara Madawa, wani lokaci har Urno da Sabon Gida. Mutanenmu kuwa kun san su: da sun tsaya gaban kyamara sai su ƙame, su haɗe rai, ka ce gaban alƙali aka kira su. Alƙasim ba ya gaggawa da su. Zai tambayi mutum gona, ya tambayi ciwon ƙafar tsohuwarsa, ya tsokane shi kan hularsa, har sai ya ga kafaɗu sun sauka, sannan ya danna. An sha roƙonsa ya haska fuska ko ya ɓoye tsagen gado. Amsarsa ɗaya ce, wai idan ya yi haka wa zai ce ya ɗauka.

Ba a maganar Alƙasim a bar Kalla. Kalla mai zane ne, shi ke yi wa manyan motoci ado da fenti, shi ke rubuta allunan shaguna, kuma shi ya zana labulen da ke rataye a bangon shagon Alƙasim: birni mai gidajen sama, da fitilu, da jirgi yana wucewa ta bisa itatuwan dabino. Gaban wannan labule rabin mutanen ƙasarmu ta Adar suka tsaya aka ɗauke su. Su biyun taubasai ne, saboda haka ba a raba su da faɗa, kuma faɗan bai taɓa canza batu ba.

"Kai mi kaka yi in ba danna maɓalli ba?" in ji Kalla. "Ko biri ka miƙa ma kyamara, shi danna. Ni hwarin ƙyalle za a ba ni, in hiddo birni cikinai."

"Birnin da babu shi," Alƙasim zai ce. "Gidajen sama rututu, babu ko ɗan akuya. Aljannu ka kwana ciki?"

"Ko su wa ka kwana ciki, gabanai mutane ka tsayawa."

Masu shayi na gefe sun daɗe da raba kansu gida biyu. Ni dai abin da na lura shi ne, Kalla yana farawa da babu, ya yi ta ƙarawa har abin da ke ransa ya fito. Shi kuwa Alƙasim duniya yake tararwa a cike, da kyanta da tarkacenta, sai ya zaɓi inda zai tsaya da lokacin da zai danna, kuma ba shi da ikon ce wa rana ta matsa. Wanne ya fi wuya, ban sani ba. Amma akwai shekarar da gardamar ta tashi daga wasa, kuma saboda ita nake wannan rubutu.

A wani ƙauye gabas da Keita akwai wata tsohuwa, Cima. Tana cikin matan da suka ɗauki duwatsu a ka lokacin da aikin gyaran ƙasa ya zo, suka jera su layi-layi a kan fako don ruwan sama ya daina gudu ya tsaya ya shiga ƙasa. Ɗanta na fari, Ayuba, bai ga wannan aiki ba. Tun yana saurayi ya shuka fakon gidansu damina bayan damina bai cire ko damin kirki ba, ya yar da hauya, ya hau mota zuwa Abijan, ya ce shi da ƙasar duwatsu sai labari. Shekaru suka tura, ya yi aure can, yana aike idan ya samu. Ita kuma takan zo shagon Alƙasim lokaci-lokaci, ta ci ado, ta tsaya gaban birnin Kalla baki a rufe, a ɗauke ta a aika masa.

Kafin nan fakon ya zama gona. Ƙasa ta taru bayan duwatsu, gero ya kama, har ya fi na wasu masu fadama. 'Yan ci-rani sun sha gaya wa Ayuba, ya ce ai kowa ya dawo daga gida sai ya yabi gida. Sai mijin Cima ya rasu. Ƙaninsa Jika, wanda ba mugun mutum ba ne, ya tara dangi ya faɗi gaskiyar da kowa ya sani: gona ba ta zama a wuyan tsohuwa ita kaɗai. Bana za a taya ta, amma idan shuka mai zuwa ta yi Ayuba bai dawo ba, za a ba wanda zai iya nomawa. Gonar da ta shiga hannun wani ta yi shekaru kuwa, kowa ya san yadda dawowarta ke wuya.

Mai karatu zai ce, to ta kira shi mana ta gaya masa, tunda a lokacin wayar hannu ta fara shigowa kasuwanni. Wanda ya faɗi haka bai san uwa da ɗan fari ba a wajenmu. Cima ko sunan Ayuba ba ta faɗa, "mutumin Abijan" take ce masa. Ta buɗe baki ta ce ɗana ka dawo ina bukatarka, wannan ko a mafarki. Abin da ta iya shi ne ta zo shago ranar kasuwa, ta zauna a bakin ƙofa, ta daɗe tana gyara kallabi.

"Mai hoto," ta ce, "wanga karo ba gaban birni nika so ba. Gona za ka zaka ka ɗauke ni. A aika ma mutumin Abijan, shi ga hatsi."

Alƙasim ya gane abin da ba ta faɗa ba. Ya je da rana tsaka, lokacin gero ya kai ƙirji, kore shar. Cima ta sa zanenta na salla da takalmi. Ya tsayar da ita daidai tsakiya a bakin gona, hannuwa a gefe, gero a bayanta, ya ɗauka yadda ya saba ɗauka a shago. Aka kai fim birnin Tawa aka wanko, hoto ya fito tas, aka ba wani mai komawa Abijan.

Ba a daɗe ba wayar Alƙasim ta yi ƙara, don lambarsa na bayan kowane hoto. Ayuba ne.

"Malam Alƙasim, hoto ya iso, Inna ta yi kyau. Ka gaishe min da Malam Kalla. Wanga sabon labule ya hi na da nesa, har ya so shi sa ni kewar gida."

"Wane labule? Gonarku ta hwa, Ayuba! Ni da ƙahwata na taka ta."

Ayuba ya yi dariya har da tari. "Haba Malam. Ni na san hwakon ga, ni yac ci ma ƙarhi. Ko ƙaya ba ta hita nan."

Kalla ya samu abin yi. Ya bi rumfunan kasuwa yana shelar cewa taubashinsa ya yi tafiya, ya sha rana, ya ƙona fetur, duk don a yaba wa Kalla. Har ya ce zai fara sa hannu a bayan hotunan. Alƙasim ya yi dariya tare da jama'a, don abin da ban dariya. Dariyar ta ƙare ranar da Cima ta sake zuwa, ta zauna inda ta zauna wancan karo, ta tambaye shi ba tare da ta dube shi ba: "Mi yac ce?"

Ya gaya mata, don ba ya iya ƙarya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To, Allah shi kyauta," ta miƙe ta tafi, ta bar ƙwaryar da ta zo da ita a bakin ƙofa. Alƙasim ya ce tunda ya fara sana'a bai taɓa jin kunyar aikinsa irin ta ranar ba. Matar nan ta ba shi saƙon da bakinta ba zai iya ɗauka ba, shi kuma ya zubar da shi a hanya.

Ya ɗauki ɗayan hoton da ya rage ya nufi rumfar Kalla, ya ajiye masa a kan gwangwanin fenti. Ya ce masa yau ba wasa ya kawo shi ba, so yake mai zane ya gaya masa abin da ya sa wannan ya yi kama da zane. Kalla ya goge hannu, ya duba, kuma a karon farko bai yi tsokana ba.

"Ai aikina kay yi," ya ce. "Ka tsaida ta tsakiya, hatsi bayanta sumul awa bango, babu inuwa, babu datti. Haka ni ka yi. Ni ba ni zana laka. Ba ni zana dutsin da yak karkace. Gawon da ke bakin koramarsu ma ka yanke shi daga hoto, ko?"

"Ba shi da ganye. Damina ta."

"Na sani. Ni ma da cire shi zan yi, don babu mai tsayawa gaban icce tsirara. To kai mi ya kai ka bin hanyata?"

A nan ne nake cire wa Alƙasim hula. Mutum mai furfura, wanda ƙasa duka ta san shi, ya zauna gaban abokin gardamarsa ya karɓi gyara. Ya kuma ƙara gano wani abu da kansa a hanyar komawa: labule kullum a bayan mutum yake. Ba ya shiga gabanka, ba ka kama shi da hannu, ba ya ɓata maka ƙafa.

Lokaci kuwa ba ya jira. Gero ya fid da kai, ya fara ido, kuma da an yi girbi magana ta ƙare sai baɗi, baɗin da gonar ba za ta kasance ta Cima ba. Sai ya shiga rufe shago da safe yana hawa babur zuwa ƙauyen. Mutanen garin suna ganinsa yana zagaya gona, ya tsuguna nan, ya hau dutse can, kyamara a wuya amma bai ɗauki komai ba. Wasu suka fara cewa ko mai hoto ya taɓu. Cima da fari takan sa zanen salla ta jira shi. Da ta ga ba ya ko kallonta, sai ta gaji, ta koma tsummanta na aiki ta ci gaba da harkarta. Abin da yake jira ke nan.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, rana ta fito ta gefe, haskenta ya kwanta a kan gona. Tsuntsaye suka sauka kan gero. Cima ta kutsa ciki ba takalmi, tana kora tana yi musu faɗa kamar 'ya'yan maƙwabta. Waɗanda ke gonar kusa sun ce da idonsu suka ga Alƙasim, da rawaninsa da babbar rigarsa, ya kwanta rub da ciki a cikin laka bayan jerin duwatsu. Ya jira har ta kai hannu ta kama wata zangarniya, ta ɗaga kai, baki buɗe. Sannan ya danna.

Sai da aka wanko daga Tawa ya san abin da ya samu. Ga duwatsu a gaba, baƙaƙe, jiƙaƙƙu, wani ya zame daga layi. Ga ganyen gero ya gitta ta gaban ƙirjinta, ga yatsunta a kan zangarniya, ga laka har idon sawu, ga inuwarta ta faɗa kan ƙasa ta karye a kan dutse. Can baya gawo na tsaye ba ganye ko ɗaya, kamar yadda yake yi kowace damina, bayansa kuma tudun garinsu. A tsakiyar duk wannan ga Cima tana faɗa, giɓinta a waje.

Kalla ne ya fara gani. Ya riƙe hoton ya daɗe, ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya dawo. "Wanga ban iya shi ba," ya ce a hankali. Da ya ga masu shayi sun ji, sai ya yi maza ya ƙara da cewa, "Amma da ni na, da na maida mata haƙorinta."

Cima ce ta ƙi. Da ta gani ta rufe fuska da gefen zane.

"Haka za ka kai ni Abijan? Baki buɗe awa mahaukaciya, ga tsumma, ga laka? Matatai ta gani, ɗiyanai su gani?"

"Inna Cima, hotonki na, ba nau ba," Alƙasim ya ce. "In kin ce a'a, yanzu in yage shi gabanki, kuma babu mai jin labari."

Ta karɓa ta sake dubawa. Wannan karon ba fuskarta take kallo ba. Ta ɗora yatsa a kan wani dutse na gaba-gaba, ta ce wannan ita ta ɗauko shi daga tudu, tana goye da autarta. Ta bi layin da yatsa har ƙarshensa. Sannan ta miƙa masa hoton, ta juya baya.

"Aika mashi. In yat tambaya, ka ce ban sani ba."

Aka aika, sai shiru. Aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, rani ya shiga, wayar Alƙasim ba ta kawo muryar Ayuba ba. Cima ta daina zuwa kasuwa. Jika ya fara maganar wanda za a ba gona, kuma babu wanda ya ga laifinsa. Alƙasim ya ce a watannin nan ko abinci ba ya yi masa daɗi, kullum yana tunanin ya tona tsufan mata a banza.

Da bazara, zafi ya kai inda ya kai, gajimare ya fara taruwa a gabas, sai masu kiwo suka ga wani mutum da jaka a kafaɗa ya sauka daga mota a bakin hanya. Bai nufi cikin gari ba. Ya yanki daji ya tafi gonar Cima, ya bi jerin duwatsu yana taɓa su da ƙafa, ya tsuguna ya damƙi ƙasa, ya zauna gindin gawo har rana ta karkata. Da ya shiga gida, uwarsa na tsakar gida tana tsince wake. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce wa maƙwabciyarta, "Ku ba baƙo ruwa," amma waken da ke hannunta ya zube ƙasa.

Daga baya Ayuba ya zo shago. Ya ce da ya ga ganye a gaban Inna da hannunta a kan zangarniya ya san babu labulen da ake kamawa, da ya ga gawo tsirara kuma ya san gida ne. Amma ba gonar ce ta hana shi sukuni ba. Duk hotunan da aka yi ta aika masa bakinta a rufe yake, saboda haka shi a ransa uwarsa tana nan yadda ya bar ta. Sai a wannan ya ga giɓi, ya ga wuya ya tattare. Watannin da ya yi shiru, sallamar aikinsa yake yi yana shirya iyali.

Kai ne, Alƙasim, ka kwanta cikin laka don tsohuwar da ba danginka ba. Kai ne ka yarda ka yi kuskure, ka je ka tambaya, ka koma ka gyara. Mai jiran haske, mai haƙuri da fuskar talaka. Ba a taɓa rataya aikinka a wani babban zaure ba, yana cikin akwatunan mata da aljihun 'yan ci-rani, kuma mu da muka san abin da ya yi a gidajenmu muna alfahari da kai. Ku kuma samarinmu da kowa ke yawo da kyamara a aljihu, kuna ɗauka kuna gogewa kuna haska fuska har uwa ba ta gane ɗanta, ku je ku zauna da dattijon nan tun yana da ƙarfin magana. Ku koyi yadda ake duban mutum kafin a ɗauke shi. Ku biya ta rumfar Kalla ma, zai ce muku shi ya koya masa komai, kada ku yi masa gardama.

Mun gode, Alƙasim. Allah ya saka da alheri, ya ba da lafiyar ido, ya sa hutun ya yi albarka. Godiyar da ta fi tawa nauyi kuwa an riga an yi maka ita. Cima ta ci gero daga hannun ɗanta damina da dama kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma Ayuba ne ya sa ta a kabari. Ranar zaman makoki, da ka je gaisuwa, ya taso daga cikin mutane ya riƙe hannunka da hannu biyu, ya ce:

"Malam, da ba don kai ba, a waya za a gaya min."